Cinikin Biri a Sama: Daga Littafin Talla Zuwa Dilar Gwanjo

Da yawanmu mun san wannan labarin, ko da ba a kanmu ya faɗa ba. Ana saura mako biyu Sallah, baiwar Allah ta ga doguwar riga a waya, yadi mai nauyi, aikin zare ya cika wuya, kuɗin kuma bai kai rabin abin da tela zai karɓa ba. Ta tura kuɗi. Ana gobe Sallah mai babur ya miƙo leda. Da aka buɗe sai ga wani yadi shara-shara kamar gidan sauro, aikin wuyan ma ba zare ba ne, zane ne aka buga a jikin yadin. Ta kira lambar, a kashe. Maƙwabciyarta kuwa sammako ta yi zuwa Ƙofar Wambai, ta durƙusa gaban tulin gwanjo, ta ɗaga riga ta haska a rana, ta duba hammata, ta ja zif sama da ƙasa, ta taya, aka sallama, ta dawo gida da riga uku.

Mukan ɗora laifin a kan waya da intanet. Amma sayen tufa a hoto ya girmi waya da fiye da shekara ɗari, cutar da ke cikinsa ma haka. Kuma tun farkonsa, duk inda ka ga mai sayarwa daga nesa, za ka ga mai sayar da tsohuwar tufa na kusa yana zaune a ƙofar talaka. Tarihinsu tare ya taso, a Birtaniya da Amurka, kafin ya gangaro ya same mu.

A 1861, a wani ƙaramin gari mai suna Newtown a yankin Wales, wani mai kantin yadi, Pryce Pryce-Jones, ya fara aika takardun talla da ɗan guntun yadin ulu zuwa gidajen mutane ta gidan waya. Wanda ya ga abin da ya yi masa sai ya rubuto, a aika masa ta jirgin ƙasa. Kasuwa ta buɗe masa har Sarauniya Victoria da Florence Nightingale suka shiga cikin masu sayensa. Mu lura da guntun yadin nan. Mutumin ya fahimci cewa mai sayen tufa da hannu yake saye, ba da kunne ba, don haka ya aika wa hannun abin da zai taɓa.

A Amurka abin ya fi girma saboda faɗin ƙasar. Manomi yana zaune tafiyar yini daga gari, kanti ɗaya ne a kusa da shi, mai kantin shi ne mai ba da bashi, shi ne mai yanka farashi. A 1872 Aaron Montgomery Ward ya buga takarda guda ɗaya a Chicago, da kaya iri 163 da farashinsu, ya rarraba wa manoma ta hanyar ƙungiyarsu. Farashin ya yi ƙasa sosai har jaridar Chicago Tribune ta buga gargaɗi a 1873 cewa manoma su yi hattara, wannan kamfanin 'yan damfara ne. Ba a ga laifin jaridar ba, don a lokacin gidan waya ya cika da masu karɓar kuɗi su ɓace, har majalisar Amurka ta yi dokar hukunta zamba ta hanyar wasiƙa a 1872 ɗin. Sai dai da jaridar ta aika aka bincika, ta janye maganarta bayan 'yan makonni. Abin da ya wanke Ward shi ne, mai saye yana iya buɗe kayansa a ofishin masu dako ya duba kafin ya biya. Daga 1875 kuma ya rubuta alƙawari ɓaro-ɓaro: wanda kaya bai gamsar da shi ba, ya dawo da shi a mayar masa da kuɗinsa.

Richard Sears wani irin mutum ne daban, kuma a kansa za mu ɗan daɗe, don shi marubuci ne irinmu, ko da yake talla yake rubutawa. Ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne a jihar Minnesota. A 1886 aka kawo akwatin agogo wani ɗan kasuwa ya ƙi karɓa, shi ya karɓa ya sayar wa 'yan uwansa ma'aikatan tasha, ya ga riba, ya bar aikin jirgi. Daga baya ya haɗu da mai gyaran agogo Alvah Roebuck, kuma a 1893 sunan Sears, Roebuck ya tabbata. Sears da kansa yake rubuta bayanin kaya, kuma alƙalaminsa ba ya jin kunyar zuzutawa: komai shi ne mafi kyau a duniya, komai ba a taɓa ganin irinsa ba. Masu tarihin kamfanin sun ruwaito wata talla da ya buga a ƙarshen shekarun 1880, ta doguwar kujera da ƙananan kujeru biyu, da zanensu mai kyau, a kan ƙasa da dala ɗaya. Mutane suka yi ta aiko da kuɗi. Abin da ya iso musu kujerun 'yar tsana ne. Kalmar da ke nuna cewa ƙananan samfuri ne tana cikin tallar, amma da ƙananan baƙaƙe, inda idon mai ɗoki ba zai tsaya ba.

To, a shari'ance mutum zai ce bai yi ƙarya ba, ai ya rubuta. Mu da muke koyon sana'ar rubutu mun san inda aka yi cutar. Ba a cikin kalma take ba, tana cikin inda aka ajiye kalmar da girman da aka ba ta. Wasunmu a nan mu ne ke rubuta wa 'yan uwa da ƙawaye tallan atamfa da abaya da ake ɗorawa a WhatsApp, wani lokaci a biya mu da katin waya. Duk wanda ya taɓa rubuta “irin na Dubai” alhali ya san mai karatu “na Dubai” zai gani, ya san abin da Sears ya yi.

Wanda ya gyara kamfanin mai sana'ar tufafi ne. Julius Rosenwald yana da masana'antar ɗinka kwat ta maza a Chicago, yana sayar wa Sears, sannan ya sayi kaso a kamfanin a 1895. Ya tarar ana tallan kayan da babu su a sito, ana aika wa mutum abin da bai nema ba, kayan da aka dawo da su sun yi tsibi. Ya dage cewa abin da ke cikin littafi dole ya zama shi ne a cikin akwati. Ya zama shugaban kamfanin a 1908, kuma a 1911 suka buɗe ɗakin gwajin kaya, inda ake bincika yadi a tabbatar ulu ne ko gauraye kafin a rubuta bayaninsa. Za mu iya cewa mutumin kirki ne, kuma ayyukansa na gina makarantu ga baƙar fata a kudancin Amurka sun nuna hakan. Amma lissafi ma yana gefensa. Kamfanin da ke buga littafi mai shafi ɗaruruwa duk shekara yana buƙatar manomin da ya saya bara ya sake saye bana. Yana da suna, yana da gini da kowa ya sani a Chicago. Ba shi da inda zai gudu.

Gwamnati ta ƙara buɗe musu hanya. Daga 1896 aka fara kai wasiƙu har ƙofar gidajen karkara kyauta, a 1913 kuma gidan waya ya fara ɗaukar manyan ƙunshin kaya. Masu kantunan ƙauye suka ga kasuwarsu na zubewa, a wasu garuruwa har tara littattafan tallan aka yi ana ƙonawa a bainar jama'a, aka kuma baza jita-jitar cewa Sears da Ward baƙar fata ne, don a hana fararen kudu saye a wurinsu. Akwai abin lura a nan da ya kamata mu yi wa cinikin nesa adalci a kansa. Baƙar fatar kudancin Amurka a zamanin wariya, in ya shiga kanti sai an gama da farare kafin a kula shi, sau da yawa ba a barinsa ya gwada riga ko hula. Littafin talla bai san launin mai rubuto oda ba. Ga irin waɗannan mutane, nisan da ke tsakaninsu da mai kaya rahama ce.

Cutar da ta fi daɗewa a harkar tufa ba ta hoto ba ce, ta zaren ce, kuma a nan ne tsohuwar tufa ta fara shigowa labarin ta bayan gida. A wajajen 1813, a garin Batley na yankin Yorkshire, wani mai suna Benjamin Law ya gano yadda za a yayyaga tsummokaran ulu a mayar da su zare, a haɗa da ɗan sabon ulu a saƙa yadi. Dabara ce mai amfani, ta sa talaka ya samu rigar sanyi. Amma da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, 'yan kwangila suka ɗinka wa sojoji kaki da mafi munin irin wannan yadi, ruwan sama na farko ya sa rigunan suka fara wargajewa a jikin mutane. Sunan yadin a Turanci har yau shi ake kiran duk wani kayan algus da shi. An ɗauki shekaru kusan tamanin kafin Amurka ta yi doka a 1939 da ta tilasta a rubuta a jikin kayan ulu ko sabo ne ko wanda aka sake sarrafawa, sannan a 1958 wata dokar ta haɗa sauran yadudduka. Ɗan ƙyallen nan da muke gani a wuyan riga, mai cewa auduga kashi kaza, roba kashi kaza, daga nan ya fito. Abin dariya, a yau ɗan gwanjo da mai sayensa sun fi kowa karanta shi.

Sai matsalar awo. Tela yana auna mutum, littafi ba ya aunawa. Kayan mata da ake dawowa da su saboda ba su yi daidai ba sun zame wa kamfanonin oda ciwon kai. Tsakanin 1939 da 1941 ma'aikatar gona ta Amurka ta sa aka auna mata wajen 15,000 don a fitar da ma'auni guda, amma fararen mata kawai aka lissafa. Da roƙon ƙungiyar masu cinikin oda aka fitar da ma'aunin hukuma a 1958, aka kuma janye shi a 1983, don kamfanoni sun gano mace ta fi son sayen rigar da aka rubuta wa ƙaramar lamba. Tun daga nan kowane kamfani da lambarsa. Don haka in mun yi odar babba aka kawo mana abin da ba zai shiga 'yar shekara goma sha biyu ba, ba ma wata doka ta awo da za mu kai ƙara da ita.

Yanzu mu koma ɗaya ɓangaren. Sayar da tsohuwar tufa tsohuwar sana'a ce a Turai. A Landan ta ƙarni na 19, unguwannin Petticoat Lane da Houndsditch sun shahara da ita, kuma yawancin masu yinta baƙi ne matalauta, Yahudawa da 'yan Ireland. Ana ƙyamar sana'ar, ana cewa kayan matattu ne, ana cewa suna ɗauke da cuta, wani ɓangare na ƙyamar kuma ta masu sana'ar ce ba ta kayan ba. Waɗanda suka wanke mata fuska ƙungiyoyin agaji ne na Kirista. Salvation Army ta fara tura mutane da amalanke suna bin gidaje suna karɓar tsofaffin kaya a New York a 1897. A 1902 wani limamin coci a Boston, Edgar Helms, ya riƙa bin unguwannin masu hali da buhu yana karɓar tufafi, ya ɗauki matalauta aikin wankewa da gyarawa, a sayar a biya su lada. Wannan shi ne asalin Goodwill. A Birtaniya kuma Oxfam, wadda aka kafa a 1942, ta buɗe shagonta na farko a titin Broad Street na Oxford jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dabarar waɗannan shaguna ita ce su jera kaya a rataye, da tsabta, da farashi a jiki, kamar babban kanti, yadda mai saye ba zai ji kunyar a gan shi ba.

Shagon gwanjo ba ya yi wa kowa alƙawari. Ba hoto, ba bayani mai daɗi, sau da yawa ba a karɓar abin da aka saya aka fita da shi. Abin da yake bayarwa shi ne rigar kanta. Kuma rigar da wani ya sa shekara biyu, aka wanke ta sau talatin, ta fito ba ta koɗe ba, ɗinkinta bai saki ba, ta riga ta ci jarrabawar da ɗakin gwajin Rosenwald yake ƙoƙarin yi. A ganinmu wannan ne ya sa gwanjo bai mutu ba duk da arahar sabbin kaya.

Abin da intanet ta canza kaɗan ne, amma shi ne ginshiƙin. Buga littafin talla yana cin kuɗi da lokaci, buɗe shafi kuwa aikin yini ɗaya ne, rufe shi aikin minti ɗaya. A 2016 kafar BuzzFeed News ta binciko rukunin shafukan sayar da kayan mata masu talla a Facebook, sunaye daban-daban amma da yawansu uwa ɗaya a ƙasar Sin, suna ɗauko hotunan wasu masu ɗinki da na mata a Instagram ba da izini ba, su aika wa mai saye kwaikwayo mara kyau. In an nemi mayar da kaya sai a ce a aika shi can ƙetare, kuɗin aikawa ya fi kuɗin rigar. Ko kamfanoni masu suna da adireshi ba su tsira ba. Tun 1975 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta kafa ƙa'idar cewa mai cinikin oda ya aika kaya a lokacin da ya faɗa, ko cikin kwana 30 in bai faɗa ba, in ya kasa ya ba mai saye damar fasawa ya karɓi kuɗinsa. A 2020 kamfanin Fashion Nova ya amince ya biya dala miliyan 9.3 kan zargin karya wannan ƙa'ida. A 2022 ya sake amincewa ya biya dala miliyan 4.2 kan zargin ɓoye ra'ayoyin masu saye da suka ba kaya ƙasa da tauraro huɗu. Ra'ayin masu saye shi ne guntun yadin Pryce-Jones na wannan zamani, shi ne abin da ya rage mai saye ya taɓa. To shi ma ga yadda aka yi da shi.

Da a nan muka tsaya, da sai mu ce gwanjo ya yi nasara, gani ya kori ji. Amma in muka bi rigar gwanjo baya zuwa inda ta fito, labarin ya juya. Shagunan agaji na Turai da Amurka ba sa iya sayar da duk abin da ake ba su. Ragowar sai su sayar wa 'yan kasuwa da awon nauyi, a tantance, a matse da inji, a ɗaure dila-dila, wata kilo 45, wata 55, wata har 100, a loda a kwantena. Najeriya ta daɗe da sa tsofaffin tufafi cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, amma kowa ya san hanyar Kwatano da Lome, da wadda ke biyowa ta Nijar ta gangaro ta Maraɗi. A kudu suna ce masa okrika, da sunan wani gari mai tashar ruwa a jihar Ribas. A Ghana suna kiransa da sunan da ke nufin kayan Baturen da ya mutu, don mutane sun kasa yarda mai rai zai zubar da tufa mai kyau haka. Daga nan ya iso Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna.

Mai sayen riga ɗaya yana gani yana taɓawa. Wanda ya sayi dilar fa? Ba ya gani. A rufe ake sayar masa, da 'yar takarda a jiki mai cewa rigunan mata ne, ko wandunan yara, lamba ɗaya ko lamba biyu, daga ƙasa kaza. Ya biya, wani lokaci da kuɗin bashi ko na adashi, kuma in ya fasa ya tarar da tsumma ba mai karɓa. Ashe ɗan gwanjo shi ne babban mai cinikin oda a cikinmu, shi yake ɗauke wa mai saye kasadar biri a sama. A kasuwar Kantamanto ta Accra, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025, ƙungiyar The Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari suna ƙarewa a bola. 'Yan kasuwar sun daɗe suna kukan cewa dilolin yanzu ba kamar na da ba ne. Dalilin a bayyane yake. Rigar shara-shara da ta ba wata Ba'amurkiya haushi da ta buɗe ledarta, ba ta mayar ba saboda tsadar aikawa, sai ta kai ta akwatin agaji. Can ta shiga dila, ta zo nan.

Malamanmu na fiƙihu sun san wannan ciniki tun kafin a haifi Ward da shekara dubu. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, akwai babi a kan sayar da ƙunshin tufafi bisa takardar da ke lissafa abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba. An halatta shi saboda kwance kowace dila wahala ce ga fatake, amma da sharaɗi: cinikin yana ɗaure mai saye ne idan kayan sun dace da siffar da aka rubuta. Risala ma, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, ta kawo mas'alar. Wato takardar jikin dila alƙawari ce, in ta saɓa mai saye yana da bakin magana. Irin wannan sharaɗin ne Ward ya rubuta a 1875.

Ɗan gwanjon Ƙofar Wambai ba shi da wanda zai riƙe da wannan sharaɗi. Dillalin da ya sayar masa shi ma a rufe ya saya a Kwatano, wanda ya ɗaure dilar kuma yana wata ƙasa da ba a ma san sunan kamfaninsa ba. Shi ya sa ranar fasa dila ake taruwa da sassafe, masu zaɓen farko su kewaye shi, kowa ya miƙa hannu. Ya yi bismillah, ya sa almakashi ya datse ɗaurin, dilar ta kumbura ta buɗe. Daga rigunan goman farko da suka fito yake sanin ko zai mayar da uwar kuɗinsa.